Goggo da Maulidin Obuasi

Goggo ta rasu da hantsi cikin daminar 1970, a ɗakinta na Zangon Kumasi. Kafin a gama yi mata sutura tsakar gidanmu ta cika, har aka shimfiɗa tabarmi a lungu. Maƙwabciyarmu, wata Ba'asantiya mai sayar da dokono, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta shigo da jan zane da baƙi irin nasu na makoki, hannuwa a ka tana rusa kuka, sai da matan gida suka riƙe ta suka tuna mata mu ba ma yin haka a kan gawa. Ba a jima ba ta sake fashewa. Bayan la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta, sai ga babbar mota daga Obuasi, garin zinariya, cike da mata da tsofaffin ma'aikatan rami. Matan suka shigo ciki. Tsofaffin suka jeru a ƙofar gida, duk wanda ya ɗauko addu'a sai tari ya katse shi, na kusa da shi ya ƙarasa masa.

Wani malami baƙo da bai san ta ba ya yi doguwar addu'a, ya ce marigayiya mace ce mai haƙuri da yafiya. Na ga matan Obuasi sun kalli juna, ɗaya har ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Tun daga ranar nake jin ana maimaita maganar, kamar ana so a goge ta a sa wata mace a madadinta. Goggo tana da kyauta, tana da tsoron Allah, amma duk wanda ya ce tana da yafiya bai zauna da ita ba. Shi ya sa na ga gara in faɗi yadda take tun ana tuna ta.

Yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni tun daga yaye, na tashi a hannunta a zangon Obuasi har ta yi mini aure. Garin nan da jiniya yake tashi. Da ta yi ƙara sai ka ga maza suna fitowa daga kowane lungu da takalman danko da hular ƙarfe mai fitila, suna taka jar laka zuwa bakin rami. Hayaƙin ma'aikata ya ƙone ciyawar tudun da ke bayan gari, ya bar shi tsirara. A gindin wani mangwaro kusa da hanyarsu Goggo take kafa tukunyarta ta wake da shinkafa, wadda take jefa wa karan dafi har ta yi ja. Ba ta ɗanɗana girki, sunsunawa take yi. Ba ta kuma son mai dogon zama a benci. Da ta ga mutum ya fara hira da cokali a hannu sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Ci ka tashi, wani na jira." Har yara suka ɗauki maganar suna kwaikwayonta a bayan ido.

In an ji jiniya ta yi ƙara ba a lokacinta ba, kowa ya san wani abu ya faru a ƙarƙashin ƙasa. Goggo takan sauke tukunya ta bar mini, ta tafi bakin ƙofa ta tsaya cikin matan da ke jira. Duk wadda aka fito da mijinta a rufe, Goggo ce za ta riƙe ta har gida, kuma daga ranar kwanon gidan yana zuwa daga wurinmu har matar ta gama takaba. Ba ta tambayar ko Bahaushiya ce ko Badagombiya, ko ma tana salla ko ba ta yi.

Mijinta, wanda muke kira Kawu, Bazabarme ne. Da ƙafa ya zo daga ƙasarsu yana saurayi, ya shiga rami, bai sake komawa ba. Dogon mutum ne marar magana, Hausarsa kuwa har ya tsufa ba ta san mace ba. In Goggo ta gama yi masa faɗa sai ya dube ni yana murmushi ya ce, "Shi ya iya faɗa, amma shi ya iya miya."

Ranar Salla ko Maulidi ba ka gane Obuasi. Bayan an sauko daga masallaci kowace ƙabila takan fito da kiɗanta. Dagombawa da gangunansu a hammata da manyan riguna masu buɗewa in sun juya, Mosawa a bayansu, Zabarmawa da goge, Hausawa da kalangu, ga 'yan makarantar allo da sababbin kaya suna rera yabon Annabi. Samarin Asantawa ma sukan biyo baya da ƙahonin badujala, ba su san abin da ake yi ba amma sun san akwai abinci a ƙarshe. A zagaya gari ta gaban kasuwa da tashar jirgin ƙasa, a dawo filin zango. Kawu, mutumin da ba ya ɗaga murya, in goge ya kama shi sai ya shiga fili da takalman dankonsa na aiki yana dukan ƙasa, abokansa na rami suna kewaye da shi. A gefe guda kuma ga murhu a jere, matan zango duka a ƙarƙashin Goggo. Ita ke cewa wance ta wanke shinkafa, wance ta riƙe nama, wance ba ta taɓa gishiri don hannunta ya yi nauyi. Ba wanda ya naɗa ta, kuma ba wadda ta taɓa musa mata.

Goggo tana da ƙanwa, muna ce mata Goggo Ƙarama. Mijin Ƙaramar tela ne da ɗinki bai karɓe shi ba, mai yawan fara'a da yawan rantsuwa. Kawu ne ya ba su ɗaki. Da tarin rami ya kama Kawu har ya bar aiki, ya sa abin da aka sallame shi da shi ya sayi injin niƙa, kuma da likita ya ce ya nisanci hayaƙin garin, sai ya damƙa injin a hannun mijin Ƙarama, shi da Goggo kuma suka dawo Kumasi gidan mahaifina. A kan wannan aka yi faɗan da ban taɓa ganin irinsa ba tsakaninsu. Goggo ta ce mutumin idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, Kawu ya ce surukinsa ne kuma yana da yara. Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana. A ƙarshe dai aka bar wa telan injin.

A Kumasi ta sake kafa tukunya a bakin titi, ni kuma ina zuwa daga gidan mijina a unguwar Ayigya ina taya ta. Kawu ya ɗan ji sauƙi, har ya fara maganar zai ɗauko injinsa ya kafa shi a unguwar Sofoline, inda ya ga masu koko sun yi yawa ba mai niƙa kusa. Ya aika wa mijin Ƙarama da saƙon haka. Ba a jima ba azumin 1969 ya kama, kuma a cikinsa aka yi shelar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar.

Wanda bai ga Zango a azumin nan ba ba zai gane ba. Mutanen da aka yi shekaru ana salla sahu ɗaya da su suna fito da gadaje da kekunan ɗinki bakin hanya suna neman mai saye. Awaki suna yawo ba masu su. Tashar mota da ta jirgi ba wurin sa ƙafa. Mu kakanninmu ne suka zo da fataucin goro, an haife mu a nan, manyan Zango sun san iyayenmu suka tsaya mana. Kawu kuwa ba shi da komai sai tarinsa. Ya ce ba inda za shi, don ko hanyar ƙauyensu ya manta, kuma ƙirjinsa ba zai ɗauki tafiyar ba. Mahaifina ya gyara masa wuri a ɗakin goro, can ƙuryar gida bayan huhuna. Tarin ne matsala. Duk lokacin da aka ji baƙuwar murya a zaure sai Goggo ta jawo turmi bakin ɗakin ta hau daka, ko da ba komai a ciki sai ƙaiƙayi.

Wata rana da yamma mijin Ƙarama ya zo daga Obuasi da lemarsa a hannu, wai ya zo duba mu. Ya sha ruwa tare da mu. Goggo da hannunta ta zuba masa koko ta tura masa ƙosai gabansa. Ya nemi a kai shi ya gai da Kawu, Goggo ta so ta hana, Kawu ya jiyo muryarsa ya ce a shigo da shi. Ya riƙe hannun Kawu yana cewa kada ya damu, wannan abu zai wuce. Washegari da hantsi 'yan sanda suka shigo. Ba su leƙa ɗakin kowa ba, ba su tambayi kowa ba. Suka ratsa tsakar gida, suka ture turmin, suka shiga ɗakin goro. Maƙwabciyarmu mai dokono ce ta gaya mana daga baya cewa ta ga wanda ya sauko daga motarsu a kan kwana, ya nuna ƙofarmu da lemarsa, ya juya da sauri.

Aka kai Kawu wani fili kusa da tasha inda aka tara mutane. Da magariba ni da Goggo muka kai masa abin buɗa-baki ta saman shinge, don ya ƙi ajiye azumi duk da halin da yake ciki. Goggo ta ce masa za ta koma ta ɗaure kayanta, ƙafarsa ƙafarta. Ya ce kada ta yi, ta ce ba shawararsa ta nema ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da sassafe muka dawo da ƙunshin kayanta a kaina, muka tarar an kwashe su tun asuba.

Ƙaramar Salla ta zo ta wuce ba a ji ganga ko ɗaya a Zango ba. Bayanta ne wani direba Badagombe ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce a motarsa aka sa Kawu. Sun wuce Tamale tarin ya tsananta, kafin su kai iyaka rai ya yi halinsa. Abokan tafiya suka tona masa rami a gefen hanya suka rufe shi da rigar jikinsa. Goggo ta tambaye shi ko an yi masa salla, ya ce an yi. Ta tambaye shi ko zai iya gane wurin, ya sunkuyar da kai ya ce daji ne, ko'ina iri ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta sa aka ba shi ruwa, ta yi masa godiya. Da ya fita ta ce, "Allah ya isa," sau ɗaya, ta shiga ɗaki ta fara takaba.

Mahaifina ya je Obuasi kan maganar injin. Mijin Ƙarama ya ce ai Kawu ya bar masa shi kyauta tun da daɗewa. Da mahaifina ya ɗago masa maganar lema, sai ya daina rantsuwa, ya ce shi ba shi ya yi dokar ba, kuma da bai faɗa ba wani zai faɗa. Mahaifina mutum ne mai sanyi, ya dawo ya ce a bar wa Allah. Goggo ta ce ta bar wa Allah nasa, amma akwai nata.

Da Babbar Salla mijin Ƙarama ya yanka sa, ya aiko mata da cinya guda. Tana zaune a tabarmar takaba ta ce wa ɗan aiken ya juya da ita yadda ya kawo ta, kada jininta ya ɗiga mata a tsakar gida. A lokacin an kwashe yawancin dattawan zangon Obuasi, shi kuwa ya yi ƙiba, ya sayi ɗakunan waɗanda suka tafi, ana fara kiransa in za a yi shawara. Sai muka ji labarin ya ce shi zai raya Maulidin bana, shi zai ciyar da gari, don a san zango bai mutu ba. Da aka gaya wa Goggo ta yi tambaya ɗaya: ko za ta riga ta fita takaba kafin ranar. Aka ce za ta fita.

Ta fito da tasoshinta na aure da zannuwan da ta daɗe tana ajiya ta sayar, ta sayi shinkafa da wake da rago. Ta riƙa aika wa matan zangon Obuasi saƙo ta bakin mata 'yan kasuwa masu bin jirgi. Ni na ce mata ta tuna Goggo Ƙarama tana cikin gidan mutumin nan, duk abin da ya same shi zai same ta. Ta dube ni ta ce in na ga ba zan iya ba in zauna gidan mijina. Ban zauna ba. Ranar jajiberi muka loda tukwane a mota.

Mijin Ƙarama ya kafa rumfa babba a filin zango, da kujeru na haya da tukwane a jere. Matan zango duk sun amsa masa za su yi girki. Da gari ya waye Goggo ta kafa murhunta a gindin mangwaron nan nata na da, daidai fuskar rumfarsa, titi ne kawai tsakani. Ta hura wuta. Matan suka fara fitowa daga gidajensu da muciyoyi da wuƙaƙe, kowace in ta zo tsakiyar titi sai ta karkato wajenmu. Ba wadda ta kalli rumfar. Can na hango Goggo Ƙarama ita kaɗai da 'ya'yanta mata a gaban tukwanen da mata ashirin ba za su iya da su ba.

Liman ya tako da sandarsa ya ce wa Goggo yau ranar Annabi ce, ba ranar husuma ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita sadakar mijinta ta zo yi a garin da ya ba ƙirjinsa, ko akwai haramci a ciki? Ya ce babu. Ta ce to ya buɗe mata da addu'a. Sai ya ɗaga hannu.

Bayan azahar jerin gwanon ya gangaro daga masallaci. Ya rame ƙwarai. Babu gogen Zabarmawa, Mosawa ba su fi a ƙirga da hannu ba. Mijin Ƙarama ya fito bakin rumfa da sabuwar babbar riga yana yi wa mutane maraba. Da makaɗan suka iso tsakanin rumfarsa da mangwaron sai suka sauke hannu gaba ɗaya, har kana jin tafasar tukunya. Goggo ta fito tsakiyar titi da ludayi a hannu. Ba ta yi ihu ba, amma kowa ya ji.

"Jama'a, kun san ni, kun san mijina. Ga mutumin da ya sha kokona da magariba, ya kawo 'yan sanda da safe. Mai jin yunwa, ga tukunyarsa, ga tawa."

Wani tsoho da suka yi rami ɗaya da Kawu ne ya fara takowa, yana tsayawa yana numfashi, ya zauna a bencinmu. Sauran suka biyo. 'Yan makaranta suka dubi malaminsu, ya nuna musu mangwaro. Samarin Asantawa suka tsaya suna tambayar me ya faru, da aka fassara musu sai suka yi tsaki suka zo wurinmu. Ba zan ce ba wanda ya zauna a rumfarsa ba. Akwai 'yan kaɗan, waɗanda su ma suka sayi kayan korarru da arha, suka ci kansu a sunkuye. Shi kuwa ya hau cewa matar nan ta haukace, zai kira mata 'yan sanda. Wata daga cikin matan ta ce ai ya san hanya. Dariyar da aka yi ta fi zagi ciwo. Ya tattara rigarsa ya shige gida. Gangunan suka tashi, tsofaffin rami suka shiga fili suna dukan ƙasa da ƙafa a hankali, gwargwadon abin da ƙirjinsu ya bari. A ranar ce kaɗai na ga Goggo ta bar mutane suna zaune a benci ba ta kore su ba. Shinkafarsa kuwa kwana ta yi ta yi tsami, da safe aka juye ta a kwata.

Daga nan matan zango suka daina kai masa niƙa. Sukan ɗauki masara a ka su wuce ƙofar injinsa, su tafi har unguwar Asantawa a ƙetaren layin dogo. Ba wanda ke amsa masa sallama da kyau, a masallaci sahu yana buɗewa gefensa. Kafin damina ta yi nisa ya sayar da injin, ya kwaso iyalinsa ya kama haya a unguwar Kwadaso ta nan Kumasi, inda ba a san shi ba.

Na ɗauka Goggo za ta huce, amma ba ta huce ba. A mota muna dawowa ta ce mini shi yana da ɗakin da zai shiga ya rufe ƙofa, mijinta kuwa ko kabarinsa ba ta sani ba. Ba ta sake kafa tukunya ba. Ƙafafunta suka fara kumbura, abinci ya daina shiga, ta ƙi asibiti.

Ana saura kwanaki kaɗan ta cika sai ga Goggo Ƙarama, ta rame kamar ba ita ba. Ta zauna a bakin gado tana matsa mata ƙafa tana kuka, ta ce Yaya ta yi wa Allah ta yafe, mutumin ba ya barci, ba ya fita, 'ya'yansa ba sa iya ɗaga kai. Mahaifina ma ya sa baki. Goggo ta sa aka ɗaga ta aka jingina da bango. Ta kama hannun ƙanwarta ta riƙe.

"Ke na yafe miki tun tuni, ba ke kika nuna ƙofa ba. Shi kuwa ki gaya masa na yi gaba. Zan jira shi."

Ba ta sake maganarsa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da mijinta a inda ba mai tambayar takarda. Allah ya jiƙan Kawu a dajin da yake kwance. Mijin Ƙarama kuwa yana nan da ransa a Kwadaso. Ba na yi masa mugun fata. Ina roƙon Allah ya ja kwanansa, ya bar masa hankalinsa daram.